Mura ce ta fara: kwana bakwai na wata jaririya a ɗakin jinyar yara

An shigo da ita ɗakin gaggawa na yara da la'asar sakaliya, cikin watan Agusta, ruwa ya ɗauke ke nan. Watanta uku da 'yan kwanaki, nauyinta kilo 5.2. Uwar ta rungumo ta cikin tawul biyu da hular sanyi, kakarta ta wajen uba na biye da baƙar leda cike da kwalaben magani. Tun kafin a kwance tawul na ji abin da ya kawo su. Duk numfashin da ta fitar sai wani siririn kuka ya biyo shi daga ƙirji, irin na ɗan kyanwa a bayan ɗaki.

Na tambayi uwar yadda abin ya faro. Ta ce, "Wallahi likita mura ce kawai." Kuma gaskiyarta, mura ce. Yayan jaririyar, ɗan shekara biyar, ya dawo daga Islamiyya da majina wajen kwana goma da suka wuce, shi kuwa ba shi da aiki sai ɗaukar ƙanwarsa da sumbatar kumatunta. Ya warware cikin 'yan kwanaki, ko kwanciya bai yi ba. Ita kuma ta fara atishawa da yoyon hanci kwana huɗu kafin zuwansu. Washegari tari ya shigo. Uban ya je kemis aka haɗo masa maganin tari na ruwa, da amoksisilin, da farasitamol, da maganin maleriya ba tare da an yi gwaji ba. A rana ta uku sai ta fara abin da ya fi tayar wa uwar hankali: ta kama nono ta zuƙa sau biyu ko uku, ta saki, ta yi kuka, ta sake kamawa, ta sake saki. Ranar da suka zo, sau ɗaya tak ta jiƙa kunzugu tun asuba.

Kakar ma ba ta zauna ba. Ta ce sanyi ne ya shige ta, don haka ta shafe mata ƙirji da gefen hanci da man zafi, ta rufe tagogi, ta turara ɗakin. Da abin ya ƙi, sai ta koma kan maganar da ta daɗe tana yi, cewa tun ranar suna uban ya hana wanzami ya cire wa yarinyar beli, ga shi nan yanzu ya sauko yana shaƙe ta. An riga an gama magana da wanzamin, da safe zai zo. Wata maƙwabciya ce ta leƙo ta ga yadda ƙirjin yake lotsawa, ta ce kada su kuskura su kwana a gida.

Na ƙirga numfashinta minti guda cif da agogo, ya kama 68. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, yaron da yake tsakanin wata biyu da wata goma sha ɗaya, da zarar ya kai 50 a minti numfashinsa ya yi sauri. Wanda bai kai wata biyu ba 60 ne iyakarsa, daga shekara ɗaya zuwa biyar kuma 40. Ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa ciki duk sa'ad da ta ja iska, ƙofofin hancinta na buɗewa, kanta na gyaɗawa tare da kowane numfashi, alamar har tsokar wuya ta shiga aikin. Zafin jikinta 37.9, ba wani mai yawa ba. Maɗigarta ta ɗan faɗa. Da na ɗora abin sauraren ƙirji sai na ji fito, da wata ƙara irin ta gashi idan ana murza shi kusa da kunne, sun cika ɓangarorin biyu sama da ƙasa, ba a wuri ɗaya ba. Gwajin maleriya bai nuna komai ba, jininta bai yi ƙasa ba, sukarinta daidai.

Abin da ya yanke magana shi ne 'yar na'urar nan da muke maƙalawa a babban yatsan ƙafa don auna oksijin ɗin jini. Ta nuna 84. Lafiyayyen yaro daga 95 zuwa sama yake, kuma duk wanda ya gaza 90 sai an sa masa oksijin. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a kan wannan abu ido yana cin amana. Leɓɓanta ba su canja launi ba, kuma a fata irin tamu canjin ba ya fitowa sai abu ya yi nisa. Da za a bar ni da idona kaɗai zan ce tana wahala, amma ba zan ce ta kai haka ba.

Na rubuta a takardarta: kumburin ƙananan hanyoyin iska na huhu, wanda likitoci ke kira bironkiyolaitis, mai tsanani, tare da yiwuwar nimoniyar bakteriya ta hau kansa.

Abin da ke faruwa a cikin ƙirjin

Huhu kamar bishiya ce a kife. Maƙogwaro ne gangar jikin, ya rabu rassa biyu, rassan su yi ta rabuwa har su zama sirara. A jariri waɗannan na ƙarshen ba su kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Ƙwayar bairos takan shiga ta hanci, ta yi kwana biyu ko uku a can tana jawo majina, sannan ta gangara ta kama fatar cikin waɗannan hanyoyi. Fatar ta kumbura, matattun ƙwayoyinta su zube su cakuɗe da majina su toshe hanya. Iska na shiga da ƙyar, fitarta kuma ta fi wuya, shi ne kukan da ake ji. Yayanta ya ɗauki ciwo iri ɗaya, amma hanyoyinsa sun yi faɗi, kumburin bai isa ya toshe su ba.

Ga kuma wani abu da iyaye mata suke gani kafin mu. A watannin farko jariri ta hanci yake yawancin numfashinsa. Idan hancin ya toshe, bakinsa kuma na kan nono, dole ya zaɓi ɗaya, ko ya sha ko ya shaƙi iska. Wannan ne kamawa da sakin da uwar ta kwatanta. Daga nan sai yunwa da ƙishi su taru a kan gajiya. Jaririn da bai wuce 'yan makonni ba, ko bakwaini, yakan ma ɗauke numfashi ɗif na ɗan lokaci tun tari bai kankama ba.

Bairos da yawa suna yin wannan aika-aika: masu kawo murar yau da kullum, da infuluwenza, da farainfuluwenza mai sa tari kamar haushin kare, da adino, da wani mai suna hMPV da aka gano a Holan a 2001. Amma jagoransu a wurin jarirai irinta shi ne wani bairos da ake kira RSV. An fara gano shi a 1956 a jikin birai masu mura a Amurka, a 1957 kuma Robert Chanock ya same shi a jikin yara masu ciwon huhu. Kusan kowane yaro yakan kamu da shi kafin ya cika shekara biyu, yawancinsu su warke a gida. Ragowar ne suke cika mana gadaje. Ƙiyasin shekarar 2019 ya nuna ya sauka huhun yara 'yan ƙasa da shekara biyar sau miliyan 33 a duniya, an kwantar da miliyan 3.6 a asibiti, sama da dubu ɗari sun rasu. Fiye da kashi 97 cikin ɗari na mace-macen a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suka faru, kuma kusan uku cikin huɗu na yaran ba a gadon asibiti suka cika ba.

Akwai wani babban bincike mai suna PERCH da aka gudanar tsakanin 2011 da 2014 a ƙasashe bakwai, ciki har da Mali da Gambiya, a kan yara sama da 4,000 da aka kwantar da nimoniya mai tsanani. Da sakamakon ya fito a 2019, sai ga shi a cikin yaran da hoton ƙirji ya tabbatar da ciwon kuma ba su da ƙanjamau, bairos ne sanadin wajen kashi 61 cikin ɗari, RSV kaɗai ya ɗauki kashi 31, bakteriya duka-duka wajen kashi 27. Mu da aka koya wa cewa nimoniya na nufin antibayotik, wannan ya girgiza mu. Riga-kafin fenta, allurar nan ta cututtuka biyar a haɗe, da Nijeriya ta fara a 2012, da na nimokokas, wata bakteriya mai kawo nimoniya, da ya shigo a ƙarshen 2014, sun rage wa manyan bakteriyar huhu ƙarfi, sai bairos suka ƙara fitowa fili.

Jama'a sun fi tsoron hunturu a kan ƙirjin yara, kuma ƙurarsa tana da nata sharrin. Sai dai binciken da aka yi shekaru a Gambiya ya nuna da damina RSV yake ɓarkewa, abin da mu ma muke gani a ɗakinmu ke nan. Lokacin kuwa shi ne na maleriya, don haka duk yaron da jikinsa ya yi ɗumi sai a ɗura masa maganinta, kwana biyu ko uku su tafi a banza.

Asibitinmu ba shi da gwajin da ake ɗibar majinar hanci a gano sunan ƙwayar, sai manyan ɗakunan gwaji. Da shekarunta, da lokacin, da yayan da ya shigo da mura, da abin da kunne ya ji, muka kafa hujja.

Abin da muka yi mata

Kafin komai, oksijin. Nas ɗin da ke aiki ta ɗiga mata ruwan gishiri na asibiti a hanci, ta zuƙe majinar a hankali, ta goge man zafin da ya daskare a wurin, sannan ta sa mata siririyar robar nan mai baki biyu a ƙofofin hanci, lita ɗaya a minti. Cikin minti goma lambar ta hau 93. Muka cire tawul ɗaya da hular, muka ɗan ɗaga kan gadon.

Sai ciyarwa. Mai numfashi 68 idan aka tilasta mata tsotso za ta iya shaƙar nonon ya tafi huhu. Muka zura mata roba ta hanci zuwa ciki, uwar tana tatsa a kofi, ana ba ta mililita 40 duk awa biyu. Na fi son wannan a kan ƙarin ruwa ta jijiya idan yaro zai iya ɗauka, don ruwan jijiya idan ya yi yawa yakan taru a huhu, ga shi kuma tatsar tana hana nonon uwa ƙafewa.

Mun gwada hayaƙin salbutamol sau ɗaya, wanda ake ba masu asma. Na saurari ƙirjin kafin da bayan, babu abin da ya canja sai bugun zuciya da ya ƙaru, muka tsayar. A asma tsokar hanyar iska ce take matsewa, maganin ya sake ta. A nan kuwa tarkace ne ya toshe hanya. Siteroyid, maganin rage kumburi, shi ma an gwada shi a manyan bincike, bai rage kwanakin jinya ba. Maganin tarin kemis muka ce a ajiye shi gaba ɗaya, ba na jarirai ba ne, wasu ma suna sa barci su rufe alamar da muke sa wa ido.

Antibayotik dai mun ba ta, amfisilin da jentamaisin ta jijiya. Na san ba sa taɓa bairos. Amma yarinya 'yar wata uku, oksijin 84, ba gwajin da zai ce min babu bakteriya a ciki, ga shi kuma an san sukan haɗu a ƙirji ɗaya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga asibitoci irin namu ita ce a ba irin wannan yaro, kuma ko gobe aka kawo irinta zan bayar. Abin da ba na yarda da shi shi ne a yi ta canja allura zuwa mai tsada duk ranar da yaro bai samu sauƙi ba, alhali ciwon ne yake bin hanyarsa. Shi wannan ciwo yakan kai ƙololuwa tsakanin rana ta uku da ta biyar, ko me aka yi. Na faɗa wa uwar tun daren farko cewa mai yiwuwa gobe ta fi yau wuya, don kada ta ga kamar an yi sakaci.

Haka kuwa aka yi. Dare na biyu numfashin ya kai 76, ta fara nishi a ƙarshen kowane numfashi, lambar tana lilo tsakanin 88 da 90 duk da mun kai lita biyu. Wajen ƙarfe biyu na dare aka ɗauke wuta. Na'urar da ke tace oksijin daga iskar ɗaki ta yi tsit, silinda ɗaya ce da mu mai iska a ciki, yara uku kuma suna bukata. Kafin a tashi janareta lambarta ta sauka 79. Nas ɗin ta jawo silindar tsakanin gadaje, ta raba robar gida uku, tana haska fuskokinsu da fitilar wayarta ɗaya bayan ɗaya. Uwar ta dafe ƙarfen gadon tana ta salati ƙasa-ƙasa. Minti ashirin ne, amma ban taɓa mantawa da su ba. A Papuwa Niyu Gini an taɓa gyara tsarin oksijin da na'urar aunawa a wasu asibitocin karkara, rahoton 2008 ya nuna mutuwar yara masu nimoniya ta ragu da kashi 35 cikin ɗari ba tare da an kawo wani sabon magani ba. Duk wanda ya tsaya a irin wannan duhu ba zai yi mamakin lissafin ba.

Da wuta ta dawo muka haɗa mata abin da muke kira sifaf mai kumfa. Iska ce haɗe da oksijin take shiga hanci, ɗaya bakin robar kuma a nutse cikin kwalbar ruwa zurfin santimita biyar. Nauyin ruwan yana sa iska ta ɗan tokare huhu kada ƙananan hanyoyin su rufe idan ta fitar da numfashi. Ba abin da ake sakawa a tafi ba ne. A Daka ta Bangaladash wani gwaji na 2015 ya nuna ya rage mutuwa, amma a Malawi a 2019, a ɗakin da ba likita kullum, yaran da aka sa wa sun fi mutuwa. Sai da na tabbatar akwai nas da za ta riƙa duba hanci da ciki da kumfar kowace awa kafin na amince. Ta yi awa talatin a kai.

Da safe kakar ta tare ni a baranda, uban na gefe ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Likita, ku ba mu 'yarmu. Kwana biyu ba abin da ake mata sai iska, kuɗi kuma sun ƙare. Yaron can gadon kullum ana masa ƙarin ruwa, ita ko leda ɗaya." Ban ga laifinta ba. A wurinmu jinya ita ce abin da aka tsira ko aka ɗura, iska kuwa kowa na shaƙarta kyauta. Na ce, "Iya, zo ki gani da idonki." Na nuna mata lambar, 94. Na ce ta riƙe agogona, na janye robar daga hancin. Kafin minti biyu lambar ta gangaro 86, haƙarƙarin ya fara lotsawa. Na mayar, muka tsaya tare har ta hau. Sannan na haska mata bakin jikarta ta ga belin, ɗan mitsitsi, lafiya lau, na ɗora mata abin sauraro a kunne ta ji inda kukan yake, can ƙasa inda askar wanzami ba ta kaiwa. Na gaya mata da an yanke shi a wannan hali, jinin da zai zuba a maƙogwaron mai haki zai iya gangarawa huhu, ciwon wurin kuma ya hana ta shan ɗan abin da take sha. Ta yi shiru, can ta ce, "To Allah Ya ba ta lafiya." Daga ranar ita ce mai tashin uwar idan lokacin tatsa ya yi. Maganar kuɗi kuma muka kai ta asusun taimakon marasa ƙarfi na ɗakin, aka ɗauke musu kuɗin oksijin.

Akwai abin da ya faru a gadon da ke kusa wanda nake ganin laifinmu ne. Yaron da kakar ta ambata, ɗan wata bakwai, gudawa ce ta kawo shi, ƙirjinsa fes. Ana shirin sallamarsa sai ya fara yoyon hanci, kwana biyu bayan nan shi ma ya hau oksijin. RSV yakan yi kwana huɗu zuwa shida kafin ya nuna kansa, kuma yana rayuwa awoyi a kan ƙarfen gado da tebur da abin sauraren ƙirji. Tsakanin gadajen nan biyu bai kai taku biyu ba, iyayen suna karɓar wa juna yara idan ɗaya za ta yi alwala, bokitin wanke hannun da ke bakin ƙofa kuma ya kwana biyu ba sabulu. Ya warke, amma ya ƙara kwana biyar da bai kamata ya yi ba. Tun daga nan muka mayar da masu tari da haki kusurwa ɗaya, muka rataya kwalbar sinadarin goge hannu a jikin kowane gado.

Ita kuwa a rana ta huɗu aka cire sifaf aka koma robar hanci. A ta biyar ta kama nono ta sha minti biyar ba ta saki ba, uwar ta aiko a kira ni in gani. Muka tsayar da allurai bayan kwana biyar. A ta shida muka cire oksijin, ta kwana tana barci lambar ba ta gaza 93 ba, numfashi 46. Ranar ta bakwai muka sallame su. Na ce wa uwar tarin zai iya kai mako uku, kada ya sa ta koma kemis. A ɗiga ruwan gishirin a share hanci kafin shayarwa, a ba ta nono kaɗan-kaɗan a kai a kai, ban da zuma sai ta shekara, ban da turare da hayaƙin itace da na sigari a ɗakin da take. Idan ƙirji ya lotsa, ko ta kasa shan rabin abin da ta saba, ko ta yi lakwas, ko numfashi ya ɗauke, ko da tsakar dare ne a taho.

Bayan mako biyu suka dawo. Ta kai kilo 5.6, ɗan tari ya rage da daddare, ƙirjin ya washe. Uwar ta tambaye ni ko akwai allurar riga-kafin wannan ciwo, tunda kafin wannan jinya katin yarinyar cike yake ba ta tsallake ko ɗaya ba. Na ce akwai, amma ba ta cikin waɗanda ake yi a wurinmu tukuna. An daɗe ana nema. Gwajin farko a Amurka a tsakiyar shekarun 1960 ya zo da masifa, yaran da aka yi wa suka fi shan wuya da suka kamu, biyu suka rasu, aikin ya yi shekaru yana tafiyar hawainiya. Sai a 2022 Tarayyar Turai ta amince da nirsebimab, allura ɗaya da ake yi wa jariri ta kare shi tsawon lokacin ɓarkewar ciwon. A 2023 kuma Amurka ta amince da wadda ake yi wa mai ciki a watannin ƙarshe, garkuwar ta bi ta mabiyiya ta isa ga ɗan kafin a haife shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su ɗauki ɗaya daga ciki, kuma a 2025 Gavi, ƙungiyar duniya mai tallafa wa riga-kafi, ta amince za ta tallafa wa ƙasashe marasa ƙarfi su samu ta masu ciki.

Ta ce idan ta zo a sanar da su a wurin awo. Yayan ma ya biyo su ranar, yana laɓe a bayan zanen kakarsa. Kakar ce ta ce min yanzu idan ya dawo daga Islamiyya sai ya wanke hannu a bakin randa kafin ya taɓa ƙanwarsa, in kuma yana mura a ƙafa yake sumbatarta. Na rubuta musu ranar allurar fenta ta uku, wadda jinyar ta sa aka ɗaga.